Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙungiyoyin Matasa Masu Hawan Dutsen Gangirwal

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da shugabanninku da iyayen da ke daurewa su bar ku ku tafi, ina rubuto muku ne daga Jalingo. Ni tsohon malamin makaranta ne da aiki ya taɓa ajiyewa a Serti shekaru masu dama. Yawancinku ban san ku ba sai a waya. Ina ganinku a Facebook da riguna iri ɗaya, an buga sunan ƙungiya a ƙirji, wasu daga Abuja, wasu daga Kaduna da Jos da Kano, har da na nan gida Taraba da Yola. Kun gama da Dala da Kufena tun kuna 'yan makaranta, kun hau duwatsun Shere, yanzu ido ya koma kan Chappal Waddi, wanda mutanen wurin suka fi sani da Gangirwal.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗan ƙanwata, wanda ya shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyinku. Ya zo gaishe ni makon jiya, yana ta murna, ya ce, "Kawu, mu ma bana za mu ci dutsen nan naku. Ba wani ɓata lokaci, mu je, mu hau, mu ɗaga tuta, mu yi hoto, mu juyo." Na ce masa to Allah Ya kai mu. Amma kalmar nan ta "ci" ta tsaya mini a rai har dare, shi ya sa na ga gara in yi magana da ku gaba ɗaya maimakon in tsare yaro ɗaya da wa'azi.

Kafin komai, ku sani ina jin daɗin zuwanku. A zamaninmu wanda aka tura Serti aiki, abokansa jaje suke masa. Ran da na fara cewa zan hau dutse ba don neman ɓatacciyar saniya ba, sai da wani abokin aikina ya taɓa goshina ya ji ko zazzaɓi ne. Hawan dutse haka kawai, a wancan lokacin, aikin Turawa ne da mahaukata. Yau ga 'ya'yan Hausawa maza da mata suna tara kuɗi, suna bin hanyar Bali zuwa Serti, suna wuce Mayo Selbe su hau wannan miƙaƙƙen hawa mai kwana-kwana na Mambila don su ga ƙasarsu da idonsu. Wannan ci gaba ne. Don haka abin da zan faɗa ku ɗauke shi a matsayin gyara kayanka, wanda ba ya zama sauke mu raba.

Gangirwal ba dutse ba ne da ke tsaye shi kaɗai a bakin gari kamar Dala. Yana can ƙuryar kudu ta Gandun Dajin Gashaka-Gumti, daidai kan iyakarmu da Kamaru. Gandun nan ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu wanda ya kai shi girma a Najeriya, ya kwanta a kan jihohi biyu, kudancinsa a Taraba, arewacinsa wajen Toungo a Adamawa. A 1991 aka haɗa tsofaffin gandayen Gashaka da na Gumti aka mai da su gandun ƙasa guda, wato shi da Jihar Taraba sa'o'in juna ne. Tsayin Gangirwal mita 2,419 ne, kuma gaskiya ne babu inda ya fi shi tudu a ƙasar nan. To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, idan tsayi ne kaɗai abin alfahari, Kilimanjaro na Tanzaniya mita 5,895 ne, ya ninka namu har da ɗoriya, kuma dubban mutane ke hawansa kowace shekara. Ko maƙwabciyarmu Kamaru tana da dutsen da ya haura mita 4,000. Wanda ya tsaya a kan Gangirwal ya ɗaga tuta bai yi abin da zai girgiza duniya ba. Abin da wurin nan ya mallaka wanda samunsa ke wuya a wani wuri yana ƙasa da ƙololuwar, a cikin kurmin da kuke ratsawa da sauri kuna duba agogo.

Bari in ba ku labarin wata safiya. Daga ƙauyen Gashaka akwai hanyar ƙafa ta 'yan sa'o'i zuwa wani wuri da ake kira Kwano, inda masu binciken birai suka kafa sansani tun wajen shekarar 2000 a ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer na wata jami'a da ke Landan. Na taɓa kwana a wannan yanki tare da wani jami'in gandun daji, dattijo ɗan asalin wurin, mutum marar yawan magana. Da asuba bayan mun yi salla, ban gama naɗe darduma ba ya taɓa kafaɗata, ya sa yatsa a baki. Da farko ban ji komai ba sai ƙarar rafi. Can sai wata murya ta taso daga ƙetaren kwari, a hankali, "hu, hu, hu," tana hawa tana ƙara sauri, har ta fashe da kururuwa, wasu suka amsa daga wani ɓangaren. Sai kuma wani kiɗa, dum-dum-dum, kamar an sami ganga a tsakiyar daji. Tsigar jikina ta tashi. Dattijon ya raɗa mini cewa manyan birai ne, waɗanda 'yan boko ke kira cimfanzi, kuma kiɗan da na ji saiwar itace suke duka da hannu da ƙafa don 'yan'uwansu na nesa su san inda suke.

Mun bi sawunsu har rana ta take. Ya nuna mini gadajensu can saman itatuwa, rassa a tanƙware an saƙa su kamar faifai, domin kowane babba sabon gado yake yi wa kansa kowace yamma, da wuya ya koma na jiya. Ya nuna mini 'yan tsinkaye da aka zubar a gindin wani itace, an zage musu ganye, bakinsu ya tauje kamar asuwaki. Ya ce da su suke zaƙulo zuma daga rami, da irinsu kuma suke tsamo kwarkwasa su ci ba tare da ta cije su a hannu ba. Na ɗauki ɗaya na shinshina, akwai ƙanshin zuma a jikinsa. Mu Hausawa mun saba cewa biri ya yi kama da mutum idan zance ya yi kama da gaskiya. Ranar na riƙe tsinken nan a hannuna na ji karin maganar ta sauya mini ma'ana.

Ban gan su ba. Yini guda muna binsu, ko gashin ɗaya ban hango ba, kuma har yau ba na jin na yi asara. Irin waɗannan birai na wannan yanki jinsinsu daban ne, a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsu, kuma masana sun ce duk duniya ba su kai 10,000 ba. Gashaka na daga cikin 'yan wuraren da suka rage musu. A hanyarmu ta dawowa dai Allah Ya ba mu rabo: wani garken birai masu baƙin jiki da farin gashi mai zubowa a kafaɗa kamar alkyabba, da doguwar jela mai farin tuntu, suna tsalle daga reshe zuwa reshe a kanmu. Mun gan su ne don mun yi kusan sa'a guda babu wanda ya ce uffan.

Nan ne maganata ta farko da ku take, kuma ita ce ta fi damuna. Sifikar nan mai caji da kuke rataya a jaka. Na taɓa cin karo da wani ayari na matasa a hanya, tun kafin in gan su da kusan kwata na sa'a nake jin kiɗansu yana tahowa ta cikin kwari. Da muka haɗu muka gaisa, yara ne masu ladabi, ba laifi. Na tambaye su me suka gani. Ɗaya ya ce, "Wallahi Baba babu komai a dajin nan, duk zance ne, ko gada ba mu gani ba." Na rasa me zan ce masa. Mazo da gada da gwanki da ɓauna, duk wanda ya rayu a dajin da ake farauta, da kunnensa ya rayu. Kun aika musu sanarwa tun daga nisan kilomita, sannan ku ce ba su tsaya kun gaisa ba? Gandun nan an lissafa tsuntsaye fiye da iri 500 a cikinsa. Akwai gadar dutse a kan tsaunuka, akwai kwanta-rafi irin na tudu, akwai aladen daji manya baƙaƙe da jajaye masu tuntu a kunne, akwai ɗan kunya mai sulke, akwai damisa da kusan ba wanda ke ganinta sai kyamarar da aka ɗaure a itace. A kogin Kam akwai dorina a wani gurbi da ba shi da nisa sosai da ƙauyen Gashaka, ruwan kuma a lokacin rani garau yake har kana hango giwan ruwa da tsage suna wucewa. Duk wannan yana nan, amma ba ya fitowa ga mai hayaniya. Waƙar da ke wayarku za ku same ta a gida yadda kuka bar ta. Kukan da na ji da asubar nan ba ya cikin kowace waya.

Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba: manyan biran nan suna kamuwa da mura da tarin ɗan Adam, kuma abin da zai sa ka kwana biyu kana fyace hanci yana iya kashe su. Idan ɗayanku ya tashi da mura, ya haƙura da shiga kurmin da suke. Wanda kuma bayan gida ya kama a daji, ya yi nesa da ruwa, ya tona rami ya binne.

Yanzu ga maganar da nake jin kunyar faɗa, don laifin nawa ne. Hawana na farko ta ɓangaren Mambila muka bi, ta Njawai, wadda ita ce hanyar da mafi yawanku ke bi yanzu saboda ta fi gajarta. Muka ɗauki 'yan dako. Wanda ya faɗo a rabona saurayi ne siriri, ba zai wuce shekara 20 ba. Ya faɗi kuɗinsa, ni kuwa na tsaya na yi ta ciniki da shi kamar ina sayen albasa a kasuwa, har sai da na zabge kusan kashi ɗaya cikin uku, ina jin daɗi wai ba a cuce ni ba. Sannan na ɗora masa jakata, da tanti, da tukunya, da buhun shinkafa, na ƙara masa da galan ɗin ruwa. Ni ina tafe da sanda da takalmi mai tsada, shi yana gabana da silifas na roba wanda aka ɗinke maɗaurinsa da waya.

Da dare sanyi ya sauko. Wanda bai kwana a tudun nan ba ba zai gane ba. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga iska ba abin da ke tare ta, ga raɓa mai jiƙa kaya kamar an yi yayyafi. Ina cikin tanti da rigar sanyi biyu da bargo, haƙorana na haɗuwa. Can tsakar dare na leƙo, sai na gan shi a tsugune gaban wuta, ya lulluɓa da wani tsohon zane guda ɗaya, yana juya gaba yana juya baya. Da ya ga na fito sai ya ce, "Malam, sanyi ya hana ka barci? Bari in ɗora maka ruwan zafi." Kashegari a gangara gwiwata ta ƙi, shi ne ya karɓi 'yar jakar da ta rage a bayana ya ɗora a kan kayansa, ya riƙa tsayawa yana miƙo mini hannu a wuraren santsi. Da muka sauka na cika masa kuɗin da ya fara faɗa na ƙara masa wani abu, amma cinikin nan da na yi da shi bai bar raina ba har yau.

Na kawo wannan ne don na ga irin lissafin tafiyarku, ɗan ƙanwata ya nuna mini na ƙungiyarsu. An ware kuɗin mota, da na buga riguna, da na mai ɗaukar hoto, da na tuta. Kuɗin 'yan dako shi ne can ƙasa, an rubuta a gefensa wai "za a daidaita a can". Na san ma'anar wannan daidaitawar, domin na yi ta. A Kilimanjaro doka ce ba a ɗora wa ɗan dako kayan baƙo fiye da kilo 20, kuma auna kayan ake yi a bakin ƙofa. Mu ba sai mun jira an kafa mana sikeli ba. Ƙaramin ma'auni na rataye bai kai kuɗin riga ɗaya ba. Ku auna, idan kaya sun yi yawa ku ƙara mutum. Ku yanka kuɗi tun kafin a tashi, a gaban shaida, ku biya ba tare da an bi ku ana roƙo ba. Abincin da kuka ci shi za su ci. Kuma duk wanda zai kwana a tudu saboda ku, haƙƙinku ne ku tabbatar yana da abin rufa.

Kada ku ɗauka wannan maganar tausayi ce kawai. Ku dubi abin da ke gaban saurayi a waɗannan ƙauyuka. Wanda ya zauna a Taraba shekarun baya ya ga abin da aka yi wa itacen madobiya, wanda 'yan katako suka laƙaba wa suna madrid. Tireloli ne ke fita dare da rana da gungume, ana kai su tashar jiragen ruwa a wuce da su Sin, har sai da aka sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu daga farkon 2017. Da ya ƙare a dazuzzukan waje, ina ake tsammani masu zarto za su nufa? Ga masu haƙar ma'adinai a bakin rafuka, ga masu ɗana tarkon waya. Duk waɗannan suna biyan kuɗi a hannu, kuma ba sa tsayawa dogon ciniki. Ba na cewa kowane ɗan dako mafarauci ne da ya tuba, a'a. Ina cewa mutumin da ya san kowace hanya a dajin nan, saninsa kaya ne mai daraja, kuma akwai masu saye. Idan ɗaukar jakarku na kwana huɗu ya fi masa shiga daji da zarto, birin nan mai alkyabba ya sami mai tsaronsa a ƙauye ba tare da an ɗauke shi aiki ba. Idan kuwa kuka matse shi, kun koya masa cewa baƙon da ke zuwa kallon daji shi ne mafi rowa cikin duk masu shigowa.

Haka zancen naman daji. Na sha jin baƙo ya sauko daga dutse, ya gama rubuta a waya cewa a kare muhalli, sannan ya ja ɗan acaɓa gefe yana tambaya ina ake samun banda ta mazo ko ta gada ya kai tsaraba. Ɗan acaɓa ba zai ce babu ba, zai ce a ba shi zuwa gobe. Goben nan kuwa wani tarko ne aka je aka duba. Mai son tsaraba ga ganyen shayin Kakara a Mambila, ga zuma, ga man shanu, ga ayaba da fiya.

A kan tudu za ku tarar da Fulani da shanunsu, kuma na ji wasunku na mamaki, wai me shanu ke yi a cikin gandun gwamnati. Sun riga gandun zuwa. Abin da ya kawo kakanninsu shi ne ciyawa da sanyi da rashin ƙudan tsando, wanda ke kashe shanu a kwari. Da aka shata gandun sai aka keɓe wasu yankuna a ciki, irin su Selbe da Filinga da Hendu da Sabere da Gumti, aka bar mazaunansu su ci gaba da noma da kiwo bisa sharaɗi. Ko sunayen wuraren sun isa shaida: "mayo" kogi ne da Fulatanci, "chappal" kuma tudu, shi kansa Gangirwal ana fassara shi da dutsen mutuwa. Ba zan ɓoye muku ba, akwai matsala a nan. Shanu sun yi yawa fiye da da, kuma wutar da ake sa wa ciyawa kowane rani don sabon toho ya fito tana cin gefen 'yan kurmin da suka rage a kwazazzaban tudu, kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara. Wannan magana ce mai nauyi tsakanin hukumar gandun da masarautar Gashaka da ardo-ardo, kuma ana yin ta. Amma ba aikin baƙon kwana ɗaya ba ne ya tsaya a ƙofar ruga yana yi wa dattijo lacca. Baƙo raɓa ne. Ku yi sallama, ku nemi Jauro ku gaishe shi, ku faɗi abin da ya kawo ku. Za a kawo muku kindirmo a ƙwarya wanda cokali ke tsayawa a cikinsa, wataƙila a ƙi karɓar kuɗi, to ku san yadda za ku saka, sukari da ganyen shayi da gishiri suna da daraja a inda kasuwa ke da nisan yini. Ku koyi "useko", wato "na gode" da Fulatanci, ba ta da wuya. Kuma don Allah ku daina ɗaga waya a fuskar matan mutane da 'ya'yansu ba izini. Wanda ba zai yarda baƙo ya shigo gidansu a Kano ya ɗauki hoton mahaifiyarsa tana daka ya watsa a duniya ba, ya san amsar da kansa.

Tun da na ambaci wuta, ku ma kuna da hannu. A watan Janairu ciyawar tudu ta bushe ƙayau, iska na kaɗawa, guntun sigari ɗaya ko murhun da aka bari da rai ya isa ya cinye gefen dutse guda. Ku kashe da ruwa, ku taɓa tokar da hannu kafin ku tashi. Ledar taliya da robar ruwa da gwangwanin kifi kuwa, wanda ya iya hawa da su cike zai iya saukowa da su babu komai a ciki. Rafukan nan da kuke tsallakawa, su Gashaka da Gamgam da Kam, su ne ke haɗuwa su zama kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Sabulun da kuka wanke tukunya da shi a tsakiyar rafi, akwai mai ɗiban ruwan sha a ƙasa da ku.

Sai maganar jami'an gandun. Na ji ana ba juna shawara wai idan aka bi ta wata hanya da acaɓa za a kauce wa biyan kuɗin shiga da ɗaukar jami'i. Wannan wayo ne irin na a ci. Ofishin gandun yana Serti, a kan hanyarku yake, ba sai kun ratse ba. Ku tsaya ku rubuta sunayenku, ku biya, ku karɓi rasit, ku tambayi halin da hanya take ciki a wannan makon, domin daji ne mai faɗi a kan iyaka, kuma labarin tsaro na bara ba ya aiki bana. Tun 2017 hukumar gandayen dajin ƙasa ta shiga yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors don gudanar da wurin, an ɗauki matasan yankin aikin sintiri an horar da su. Aiki ne da ake mutuwa a cikinsa, an kashe wasu daga cikin masu tsaron dajin nan a bakin aiki. Mutumin da ke wannan aiki bai cancanci a yi masa ɓuya don a tsira da kuɗin kati ba. Ban da haka ma, hazo a kan Gangirwal yana saukowa cikin 'yan mintoci, ka rasa ganin wanda ke gabanka da taku goma, hanyoyin shanu kuma duk kamarsu ɗaya. Wanda ya kauce kaɗan sai ya tsinci kansa a Kamaru ba takarda, idan ma ya yi sa'a bai nufi bakin gangare ba. Taswirar waya ba ta san wace hanya ruwa ya cinye ba. Jami'in ya sani.

Lokacin zuwa kuwa daga Disamba ne zuwa Maris. Da damina rafin da ka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, da yamma sai ya kai ƙirji, ga matsattsaku a cikin ciyawa. Na san hotunan damina sun fi kyau, komai kore shar, amma ba a ja da mayo idan ya kawo.

Idan kun ba kanku lokaci, akwai abin da zan so ku gani wanda ba dabba ba ne. A kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan ganuwar duwatsu da Jamusawa suka gina lokacin da wannan yanki ke ƙarƙashin mulkinsu na Kamaru, kafin yaƙin duniya na farko ya fitar da su Ingilishi su karɓa. Ƙasar nan da kuke takawa ba ta cikin Najeriya ranar da aka sami 'yancin kai. Sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi Najeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. Da ƙuri'ar nan ta juya, da tutar da kuke ɗagawa a kan Gangirwal sai an nemi wani dutsen a kai ta. Na koyar da wannan a aji shekara da shekaru daga littafi, amma ban ji shi a jikina ba sai ran da na zauna a kan ganuwar nan ina kallon kwarin da ke ƙasa.

Ga abin da muka ƙare a kai da ɗan ƙanwata, kuma shi nake roƙon shugabanninku su duba kafin su fitar da jadawalin bana. Na ce su ƙara kwana biyu a kan abin da suka tsara, su sauko Serti bayan dutsen su shiga ta ƙauyen Gashaka, su kwana a kurmi ko da dare ɗaya ne, su tashi kafin asuba su zauna shiru. Na ce su rage yawan ayarin, mutum 40 a hanya ɗaya kasuwa ce, su kasu takwas-takwas ko goma-goma. Ya ce kuɗi ba zai isa ba. Na ce su fasa buga riguna. Ya yi dariya, ya ce sai ya ji ta bakin shugabansu, amma sifikar dai ya yi alkawarin bari a gida.

Da zai tafi na shiga ɗaki na ɗauko tsohuwar rigar sanyina mai kauri, wadda na kwana da ita a tudun nan, na ba shi. Ya fara godiya, na ce ba tasa ba ce, shi yana da tasa. Idan sun isa Njawai ya ba wanda zai ɗaukar masa kaya tun kafin su fara hawa, kuma kada ya karɓo ta idan sun sauko.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. A gaishe mini da mutanen Serti.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Jalingo, Jihar Taraba.